Alƙalin Iyali: Wa Zai Zaɓe Shi, Kuma Nawa Ne Rabon Kowace Gunduma?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a zauren kotu ya san cewa idon jama'a a kan alƙali yake tsayawa: yadda ya saurari mai ƙara, yadda ya yi wa shaidu tambaya, da irin hukuncin da ya yanke. In hukunci ya yi daɗi a ce alƙali adali ne, in bai yi ba a ce an ci hanci ko an yi son kai. Amma akwai waɗansu hukunce-hukunce guda biyu da akan riga a yanke tun alƙalin bai hau kujerarsa ba, kuma ba safai ake tuhumar masu yanke su ba. Na farko shi ne wa ya ɗora shi a kan kujerar. Na biyu kuwa shi ne alƙalai nawa aka ba gundumar da yake aiki a cikinta, watau shari'u nawa ne za su hau kansa shi kaɗai. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa waɗannan abubuwa biyu, da ake ɗauka aikin ofis ne kurum, magana ce ta adalci da zalunci, musamman a kotun da ke duba al'amuran iyali, inda wanda hukunci ya fi shafa yaro ne da ba shi da ƙuri'a, ba shi da kuɗi, ba shi kuma da mai magana da yawunsa a majalisa.

Don kada maganar ta tsaya a iska, za mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi, watau jihar Niu Yok ta ƙasar Amurka. Dalilin ɗaukarta shi ne tana amfani da hanyoyi biyu na samar da alƙalai a ƙarƙashin doka ɗaya, saboda haka ana iya jera su a kwatanta.

Jiha ɗaya, hanya biyu

An kafa Kotun Iyali ta jihar Niu Yok a shekarar 1962. Aikinta ya haɗa da shari'ar yaran da aka ci zarafinsu ko aka yi sakaci da su, da rigimar wanda zai riƙe yara in iyaye sun rabu, da kuɗin ciyarwa, da tabbatar da uban yaro, da tashin hankali tsakanin 'yan gida ɗaya, da laifuffukan ƙananan yara. Tana ma da ikon yanke haƙƙin iyaye a kan ɗansu har abada, a ba waɗansu shi su riƙa. Raba aure kansa ba ya cikin huruminta, babbar kotun jiha ake kai shi. Jihar tana da gundumomi 62, waɗanda aka tattara cikin yankunan shari'a 13. Biyar daga cikin gundumomin nan su ne suka haɗu suka zama birnin Niu Yok, kowace ɗaya kuma yankin shari'a ce mai zaman kanta.

A gundumomi 57 da ke wajen birnin, jama'a ne ke zaɓen alƙalin iyali da ƙuri'a, jam'iyyu su tsai da 'yan takara, wanda ya ci ya yi shekara goma. A cikin birnin kuwa magajin gari ne ke naɗa shi, shi ma shekara goma. Tun 1978, zamanin magajin gari Edward Koch, aka kafa kwamitin da ke tace masu neman aikin, ya miƙa wa magajin gari sunaye ya zaɓa daga ciki. Ke nan in ga yaro a gundumar Bronx ta cikin birni, ga wani a Westchester mai iyaka da ita, doka ɗaya ce za ta hau kansu, amma alƙalin ɗaya naɗaɗɗe ne, na ɗayan zaɓaɓɓe. Wanne ya fi sa'a?

Bashin kujera

Masu goyon bayan zaɓe suna da hujja mai nauyi, bai kuwa kamata a yi watsi da ita ba. Suna cewa babu ikon da hukuma take da shi a kan talaka da ya kai na raba shi da ɗansa. To, in jama'a ne ke zaɓen wanda zai aza musu haraji ko ya gina musu hanya, don me za a hana su zaɓen wanda ke iya ɗauke musu 'ya'ya? Sukan ƙara da cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutanen gunduma sun fi kwamitin manyan lauyoyi sanin wanda ya fahimci zamansu, ya san yadda kaka ke riƙon jika, ya kuma san bambanci tsakanin talauci da sakaci. Naɗi, in ji su, yakan cika kotu da 'ya'yan manya masu auna gidan talaka da ma'aunin gidajensu.

Sai dai zaɓe yana da sharaɗi, watau mai jefa ƙuri'a ya ga aikin wanda yake zaɓa. Gwamna in bai gina hanya ba kowa ya gani. Aikin alƙalin iyali kuwa galibinsa a ɓoye yake, domin takardun shari'ar yara sirri ne, kuma daidai ne su zama sirri don a rufa wa yaran asiri. Waɗanda suka san aikinsa da gaske kashi uku ne: lauyoyin da ke bayyana a gabansa, waɗanda sau da yawa daga cikinsu ake samun masu ba da gudummawar yaƙin neman zaɓe, sai iyayen da suka tsaya gabansa, waɗanda in ɗaya ya fita da murna ɗaya zai fita da fushi ko da an yi adalci, sai kuma yaran, waɗanda ba su isa jefa ƙuri'a ba. Sauran jama'a sunan jam'iyya suke bi, ko kuwa wanda ya fi ɗaga murya cewa zai tsananta.

Abin da ya faru a gundumar Luzerne ta jihar Pennsylvania, maƙwabciyar Niu Yok, ya isa ishara. An zaɓi Mark Ciavarella alƙali a 1995, ya yi suna wajen tsananta wa yara masu laifi, jama'a kuma suka sabunta masa wa'adi a 2005. Daga baya aka gano cewa shi da abokin aikinsa Michael Conahan sun karɓi fiye da dala miliyan biyu da rabi daga masu hannu a gidajen tsare yara na 'yan kasuwa, yana kuwa ta tura yara can a kan ƙananan laifuffuka, da yawansu ba su da lauya. A 2009 kotun ƙolin jihar ta soke dubban hukunce-hukuncen da ya yanke tsakanin 2003 da 2008, a 2011 kuma aka ɗaure shi shekara 28. Mugun mutum yana iya shiga ta kowace ƙofa, wannan haka yake. Abin lura shi ne ƙuri'ar 2005 an jefa ta ne ana tsakiyar ta'asar, ba ta kuwa gano komai ba.

To, shi naɗi ya tsira ke nan? Ina! Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Naɗaɗɗen alƙali ya san bayan shekara goma magajin gari ne zai sabunta masa ko ya sallame shi. Ga shi kuma hukumar kula da yara ta birnin, wadda ke kai iyaye ƙara gabansa kullum, a ƙarƙashin magajin garin take. Daɗin daɗawa, kwamitin tacewar nan umarnin magajin gari ne ya kafa shi, in sabon magajin gari ya ga dama yana iya sauya masa tsari. Tsoron irin wannan bashi ba sabon abu ba ne, ba kuma na Amurka kaɗai ba ne. Tarihi ya nuna Imam Abu Hanifa ya ƙi karɓar alƙalanci daga hannun Halifa Mansur a Bagadaza, har aka tsare shi saboda haka.

Tun da yake babu alƙalin da zai hau kujera ba tare da wani ya ɗora shi ba, abin da ya rage mu tambaya shi ne wane bashi ne ya fi sauƙi, wanne ne kuma ido ke iya gani. A ganina naɗi ta hanyar kwamiti ya fi dacewa da kotun iyali. Kwamiti yana iya karanta hukunce-hukuncen mutum, ya tambayi lauyoyin ɓangarori biyu, ya binciki haƙurinsa da saninsa game da halin yara, abin da mai ƙuri'a ba shi da halin yi. In kuma an naɗa baragurbi, an san ƙofar wanda za a buga. Amma da sharuɗɗa: doka ce za ta kafa kwamitin, hannuwa dabam-dabam ne za su zaɓi wakilansa, kuma a sa masu kare iyaye talakawa da masu kare yara a ciki. Ta haka ne za a biya bukatar masu cewa dole alƙali ya san mutanen da yake yi wa shari'a.

Rabon alƙalai

Yanzu mu ƙaddara an samu mutumin kirki, mai ilmi da haƙuri, an kuma naɗa shi ta hanya mafi tsabta. Ya kai mai karatu, kada ka ɗauka an gama. Mu ce yana zaman awa shida a rana, watau minti 360. In shari'u 12 ne a gabansa, kowace za ta sami rabin awa. In 40 ne, kowace minti tara za ta samu. Mutumin bai sauya ba, doka ba ta sauya ba, amma mai minti tara ba zai iya sauraren uwa ta gama bayaninta ba. Dole ya dogara da rahoton ma'aikacin hukuma, ko kuwa ya ɗage shari'ar zuwa waɗansu watanni. Ashe ke nan wanda ya yanke yawan alƙalan gunduma ya riga ya yanke yawan sauraren da kowane talaka zai samu.

Ɗage shari'a kuwa ba nauyi ɗaya yake da shi a kan kowa ba. Wata shida ga ɗan shekara arba'in kashi ɗaya ne cikin tamanin na rayuwarsa. Ga ɗan shekara biyu kuwa rubu'in rayuwarsa ne cur. A cikin wannan lokaci yana iya manta fuskar uwarsa, ya shaƙu da mai riƙonsa, har in an zo yanke hukunci a tarar jinkiri ya riga ya yanke shi. Bugu da ƙari, wata dokar tarayyar Amurka ta 1997 ta ce in yaro ya yi wata 15 cikin wata 22 a hannun riƙon hukuma, to, jiha ta nemi a yanke haƙƙin iyayensa, sai fa in akwai wani uzuri daga cikin waɗanda dokar ta lissafa. Watannin nan tafiya suke yi, ko laifin jinkirin na iyaye ne ko na cunkoson kotu.

Wa ke yanke yawan alƙalan? A Niu Yok majalisar dokokin jiha ce ke rubuta adadin na birni da na kowace gunduma a cikin doka, ba ya kuwa ƙaruwa sai an yi sabuwar doka. Daga 1991 har zuwa 2014 adadin alƙalan iyali na birnin ya tsaya a kan 47. A tsakanin nan, a 2005, majalisar ta yi dokar da ta wajabta wa kotu duba lamarin kowane yaron riƙo duk bayan wata shida. A Janairun 2006 kuma kisan wata yarinya 'yar shekara bakwai a gidansu a Brooklyn ya girgiza birnin, ƙararrakin cin zarafi da sakaci suka yi ta kwarara kotu. An ƙara kaya, ba a ƙara masu ɗauka ba. Sai a 2014 aka yi dokar ƙarin alƙalai 25, tara ga birni, 16 ga sauran gundumomi, aka kuma sake ƙara waɗansu a shekarun da suka biyo baya.

Da yake aiki ba ya jiran majalisa, sai shugabannin kotuna suka koma aro. Akan ɗauko alƙalin da aka zaɓa don shari'ar bashi da ƙananan rigingimun kuɗi a kai shi kotun iyali na ɗan lokaci, sa'an nan a ɗauke shi daidai lokacin da ya fara gane aikin. Ita ma babbar kotun jiha aro take yi daga ƙananan kotuna, domin tsarin mulkin jihar, yadda aka gyara shi a 1961, ya ƙayyade mata alƙali ɗaya ga kowane mutum 50,000 a yankin shari'a. A Disambar 2020 ƙungiyar lauyoyin birnin ta fitar da rahoto a kan wannan yawo da alƙalai da jinkirin cike gurabe, ta nuna yadda shari'a kan tsaya cik, wani lokaci ma a sake ta daga farko, in an ɗauke alƙali ana tsakiyar sauraro. A wannan shekarar dai Jeh Johnson, tsohon sakataren tsaron cikin gida na Amurka, wanda aka sa ya binciki kotunan jihar, ya ambaci kotun iyali cikin kotunan da cunkoso da ƙarancin kayan aiki suka sa ake yi wa baƙaƙe da sauran marasa rinjaye shari'a mai ƙarancin daraja.

A nan ne tambayoyinmu biyu suka haɗu. Duk gardamar da muka yi a kan zaɓe da naɗi, uwar da ke Bronx tana iya tsayawa gaban alƙalin aro wanda bai bi ta kwamitin tacewa don wannan aiki ba, bai kuma taɓa neman aikin iyali ba. Watau ƙarancin rabo yana iya warware duk abin da kyakkyawan zaɓi ya ƙulla.

Da wane ma'auni za a raba?

Ma'auni mafi sauƙi shi ne ƙidayar kawuna: gunduma mai mutum kaza ta sami alƙali kaza. A ido wannan daidaito ne. Amma tun zamanin Girkawa masani Aristo ya nuna cewa adalcin rabo yana bin gwargwado ne, kuma ba wa mabambanta abu ɗaya yana iya zama zalunci. Gundumomi biyu na iya zama da yawan jama'a ɗaya, amma wadda talauci ya fi yawa a cikinta ita ce hukuma ta fi shiga gidajenta, ita ce kuma mutanenta ba su da kuɗin ɗaukar lauyoyi su sasanta a waje.

Ma'auni na biyu shi ne ƙidayar ƙararraki. Ya fi na farko, amma shi ma da gyara, domin ƙara ba ɗaya ba ce. Ta kuɗin ciyarwa tana iya ƙarewa a zama ɗaya ko biyu, ta cin zarafin yaro kuwa tana iya ɗaukar shekaru. Shi ya sa jihohi da dama a Amurka suke auna nauyin kowane irin ƙara da yawan lokacin da take ci, sa'an nan su lissafa alƙalai nawa ake bukata. Ko a nan sai an yi hattara. In an auna lokacin da alƙali mai gaggawa yake ba ƙara, aka mai da shi ma'auni, to, an halatta gaggawar ke nan. Haka kuma matar da ta gaji da zarya ta daina zuwa kotu ba ta cikin lissafi, alhali bukatarta tana nan.

Akwai kuma haƙƙin ƙananan gundumomi. A ƙidayar 2020 gundumar Hamilton da ke cikin duwatsun arewacin jihar mutum dubu biyar da 'yan kai ne da ita, Brooklyn kuwa ta haura miliyan biyu da dubu ɗari bakwai. In lissafi kaɗai za a bi, Hamilton ko rabin alƙali ba za ta samu ba, amma yaron da ke can shi ma yana bukatar kotun da ƙafa ke iya kaiwa. Dabarar da aka yi a irin waɗannan wurare ita ce alƙali ɗaya ya haɗa aiki uku: kotun gunduma, da ta gado, da ta iyali. Saboda haka rabon adalci hawa biyu ne. Da farko a tabbatar kowace gunduma tana da alƙali kusa, sa'an nan a raba sauran bisa nauyin bukata.

Masanin falsafa John Rawls, a littafinsa na 1971 a kan adalci, ya kawo wata hanyar gwaji da ta dace da wannan wuri. Ya ce mutum ya ƙaddara shi ne zai tsara dokokin al'umma alhali bai san matsayin da zai samu kansa a ciki ba. To, a ce ɗan majalisa bai san ko za a haife shi a gidan attajiri ko a ɗakin haya a Bronx ba, bai san ko shi ne jaririn da aka ɗauke daga uwarsa yana jiran ranar shari'a ba. Zai yarda adadin alƙalai ya tsaya wuri ɗaya fiye da shekara ashirin? Abin da ya sa ake yarda shi ne masu yanke shawarar sun san ba su ne za su yi layi a can ba. Jihar da ta iya buɗe sashe na musamman a babbar kotunta a 1995 don saukaka shari'ar manyan kamfanoni ta san darajar lokaci sarai, lokacin wa ake darajawa ne abin tambaya.

Wani zai ce ai maganar kuɗi ce, kowane alƙali sai da ɗakin shari'a da magatakarda da lauyoyi, baitulmali kuwa yana da iyaka. Gaskiya ne. Amma jinkiri ma kuɗi yake ci, domin hukuma ce ke biyan kuɗin riƙon yaro duk watan da ya ƙara. In kuwa ƙarancin ya zama dole, adalci shi ne a raba shi tsakanin dukan kotuna, kada a jibge shi a kan waɗanda ba su da bakin kuka. Abin da ya kamata shi ne a riƙa auna nauyin aiki a kai a kai, a buga sakamakon kowa ya gani, majalisa kuma ta bi shi ko ta faɗi dalilin ƙin bi. A cike gurbi tun bai buɗe ba, tun da an san ranar ƙarewar wa'adin kowane alƙali, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Sa'an nan alƙalin da ya fara shari'ar yaro a bar shi ya ƙarasa ta.

Kammalawa

Ko da yake a Niu Yok muka tsaya, tambayoyin ba baƙi ba ne a wurinmu. A 1968 aka ɗauke kotunan alƙalai na Arewacin Nijeriya daga hannun En'e aka mai da su ƙarƙashin gwamnatocin jihohi, abin da ya sauya amsar tambayar wa ke naɗa alƙali. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ita ma ta tanadi kotun iyali. Cikin ɗaliban da ke karanta wannan mujalla akwai waɗanda gobe za su zama alƙalai, ko su zauna a hukumomin da ke naɗa alƙalai da rarraba su, ko su shiga majalisar da ke yanke musu kasafi. In wannan rana ta zo, su tuna cewa takardar da ke cewa gari kaza alƙali ɗaya, gari kaza uku, hukunci ce a kan yaran da ba za su taɓa ganin fuskarsu ba. Kafin su sa mata hannu, su tambayi bashin wa ke wuyan wanda za su naɗa, su kuma lissafa minti nawa suka bar masa ya saurari kowane gida.